Sa'adu Zungur: Malamin da ya mayar da waƙar tarbar soja makamin neman 'yanci

A ranar 15 ga Fabrairun 2003, miliyoyin mutane sun cika titunan Landan da Rum da Madrid da wasu manyan biranen duniya, suna adawa da shirin Amurka na mamaye Iraƙi. Mawaƙan kiɗan rok na cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a lokacin. Ƙungiyar System of a Down ta haɗa bidiyon wata waƙarta da hotunan zanga-zangar wannan rana, sannan a 2004 ƙungiyar Green Day ta fitar da kundin American Idiot, wanda ya caccaki mulkin George Bush da kafafen yaɗa labaran da ke yi masa amshin Shata.

A nan gida Najeriya, idan ana maganar waƙar adawa, sunan da ke fara zuwa bakin mutane shi ne Fela Anikulapo Kuti, wanda sojoji suka ƙona gidansa na Kalakuta a Legas a Fabrairun 1977, bayan kundinsa na Zombie da ya yi musu ba'a.

Sai dai kimanin shekara talatin kafin ƙona Kalakuta, wani malami ɗan Bauchi mai fama da ciwon huhu, ba shi da jita ba shi da ganga, ya ɗauki alƙalami ya rubuta waƙar tarbar sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. A cikinta ya yi wa masu mulki tambayar da ba su so ji ba. Sunansa Ahmad Mahmud Sa'adu Zungur. Bai wuce shekara arba'in da 'yan kai a duniya ba, bai riƙe minista ba, bai ga ranar samun 'yancin kai ba. Amma da wuya a ba da tarihin siyasar talakawa a Arewa ba tare da an fara da shi ba.

Ɗan gidan malamai a makarantar boko

An haifi Sa'adu Zungur a garin Bauchi a wajajen 1915, a gidan malamai da limamai. Kamar sauran yaran irin wannan gida, da allo ya fara, ya wuce zuwa littattafan fiƙihu da Larabci tun yana ƙarami. Wannan tushe ya yi masa rana daga baya, domin a duk rigimar da ya yi da hukuma babu wanda ya iya cewa ɗan boko ne da bai san addini ba. Idan aka kawo masa hujja da nassi, da nassi yake mayarwa.

A zamanin da manyan gidaje da yawa ke ɓoye 'ya'yansu kada a kai su makarantar Nasara, shi an sa shi boko a Bauchi. A 1929 ya samu shiga Kwalejin Katsina, makarantar da Turawa suka kafa domin horar da malaman Arewa. A can ya tarar da Ahmadu Bello da Abubakar Imam da kuma ɗan garinsu, Abubakar Tafawa Balewa, duk suna gabansa a aji. Kusan duk waɗanda suka riƙe Arewa bayan shekara ashirin daga wannan makaranta suka fito, kuma yawancinsu sun fito da ɗabi'ar da aka so su fito da ita: ladabi ga sarki, biyayya ga Razdan, neman gyara a hankali. Sa'adu ya sha ruwa ɗaya da su, amma halinsa ya fita daban.

A 1934 aka buɗe Babbar Kwalejin Yaba a Legas, wadda ita ce ƙololuwar ilimin boko a Najeriya a lokacin, tun da babu jami'a sai a 1948. Sa'adu ne ɗan Arewa na farko da ya shiga wannan kwaleji. Zaman Legas ya nuna masa wata duniyar: jaridu masu zagin Gwamna da sunansa, lauyoyi baƙaƙe masu ja da alƙalai Turawa, matasa masu kafa ƙungiyoyi ba tare da neman izinin kowane hakimi ba.

Bai daɗe a can ba ya dawo Arewa ya shiga fannin kiwon lafiya. Ya yi zama a Makarantar Koyon Tsafta ta Kano, inda ake horar da duba-gari, daga nan ya koma Zariya yana koyarwa a makarantar masu harhaɗa magunguna.

Zariya ta wancan lokaci ita ce matattarar 'yan boko. A can ake buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita. Sa'adu na cikin waɗanda suka fara tara matasan ma'aikata a ƙungiyar karatu da muhawara a garin, a farkon shekarun 1940. Da sunan adabi ake haɗuwa, amma hira ba ta daɗewa sai ta gangara kan En'e da haraji da shari'ar alƙalai. Hukuma ba ta ji daɗin abin ba.

A nan ne kuma ciwon huhun da ya bi shi har kabari ya kama shi. Dole ya ajiye aiki ya koma Bauchi jinya.

Majalisar Taɗi

Wanda ya zaci ciwo zai rufe masa baki ya yi kuskure. Komawarsa gida ta zo daidai da zuwan wani saurayi ɗan Kano da aka turo koyarwa Makarantar Midil ta Bauchi a 1942, bayan ya gama Kwalejin Kaduna. Shi ne Malam Aminu Kano, wanda Sa'adu ya girme shi da kimanin shekara biyar. A makarantar kuma akwai Tafawa Balewa, wanda ya zama shugabanta.

Haɗuwar Sa'adu da Aminu na cikin manyan abubuwan da suka faru a siyasar Arewa a ƙarni na 20. Aminu na da baki da jan jama'a da barkwanci. Sa'adu na da zurfin karatu da kaifin alƙalami da rashin tsoro. Masu rubuta tarihin Malam Aminu sun yi ittifaƙi cewa Sa'adu ne mutumin da ya fi kowa tasiri a tunaninsa na siyasa.

A wajajen 1943 zuwa 1944 aka kafa dandalin muhawara da aka sani da Majalisar Taɗi ta Bauchi. Da amincewar jami'an Turawa aka yi ta, suna ganin gara 'yan boko su amayar da abin da ke cikinsu a gaban hukuma da su riƙa yi a ɓoye. Malaman makaranta da ma'aikatan En'e da Turawan mulki kan zauna wuri ɗaya, wani lokaci har da manyan fada. Wannan kansa sabon abu ne a ƙasar da talaka ke cire takalmi ya durƙusa tun daga nesa.

Batun da ya fi zafi shi ne tsarin mulkin da Lugga ya shimfiɗa, inda Bature ke mulki ta hannun sarki. Sa'adu ya riƙe cewa tsarin ya ba sarakuna ikon da ko a zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba su da shi, domin a da sarki na tsoron malamai da jama'arsa, yanzu kuwa Razdan kaɗai yake tsoro. Balewa na ganin a gyara tsarin sannu a hankali, kada a rushe abin da ba a tanadi madadinsa ba. Saɓanin mutanen nan biyu 'yan gari ɗaya shi ne ya girma ya zama saɓanin NEPU da NPC.

Majalisar ba ta yi tsawon rai ba. Da muhawara ta kai ga tambayar abin da ake dubawa wajen yanke wa sarki albashi, sai hukuma ta ga wasa ya wuce gona da iri, aka rufe ta. Su Sa'adu suka ci gaba a ƙarƙashin ƙungiyar neman ci gaban Bauchi, wadda masana ke lissafawa cikin ƙungiyoyin siyasa na farko a Arewa.

Yaƙin Hitila da bashin da ya bari

Duk wannan na faruwa ne ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wanda Hausawa suka fi sani da Yaƙin Hitila. Ba yaƙin talakan Arewa ba ne, amma ya biya kuɗinsa da jini da gumi.

Dubun-dubatar 'yan Najeriya aka ɗiba soja, kuma kaso mai yawa daga Arewa suka fito, har Hausa ta zama harshen bariki. Da farko sun yaƙi Italiyawa a Somaliya da Habasha a 1940 zuwa 1941. Daga baya aka kwashe su a jiragen ruwa zuwa Indiya, aka tura su dazukan Bama, ƙasar da ake kira Myanmar a yau, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, su fuskanci Japanawa. Da yawansu ba a ma ba su bindiga ba. Aikinsu ɗaukar harsashi da abinci a ka, cikin duwatsu da ruwan sama da zazzaɓi, a inda mota ba ta shiga. Kusan duk hafsoshin Turawa ne, kuma albashin baƙin soja bai kama ƙafar na Bature ba.

Sunayen wuraren da suka yi faɗa na nan a jikin barikokinmu, ko da yake mutane kaɗan ne ke tambayar asalinsu: Myohaung da Arakan a Legas, Dalet a Kaduna.

Waɗanda suka rage a gida ma ba su tsira ba. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar manoma daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza ala tilas, abin da jama'a suka kira ɗiban gwamna. Ta hannun hakimai da dagatai ake ɗibar, kuma kowa ya san ba ɗan mai kuɗi ake kamawa ba. Sanyin Jos da yunwa da cuta sun kashe da dama. Ga matsin noman gyaɗa, ga tsadar gishiri da kananzir da tufafi.

Duk da haka, abin da ake karanta wa mutane a jarida shi ne ana yaƙin ne domin kare 'yanci daga zaluncin Hitila. A 1941 Churchill da Roosevelt sun fitar da sanarwar da ta ce kowace al'umma na da ikon zaɓen irin mulkin da take so. Da aka tambayi Churchill ko hakan ya haɗa da ƙasashen da Ingila ke mulka, sai ya nuna ba su ake nufi ba.

A cikin wannan yanayi Sa'adu ya rubuta Maraba da Soja, lokacin da dakarun suka fara dawowa bayan an gama yaƙi a 1945. Daga sama waƙar murna ce. Ya yi wa sojojin barka, ya yaba jarumtakarsu, ya bi sawun tafiyarsu. Babu wani Bature da zai karanta farkonta ya ɓata rai. Amma da tafiya ta yi tafiya sai ya karkata akalar zuwa gida. Ya ɗauki kalmar 'yanci, wadda Turawa da kansu suka cika kunnen jama'a da ita shekara shida, ya auna ta da halin da talaka ke ciki, ya nuna cewa sunanta kawai ba zai ciyar da mai jin yunwa ba, ba kuma zai kare wanda ake zalunta ba.

Gaskiya ita ce waƙar ba irin ta mawaƙan Amurka na zamanin yaƙin Biyetnam ba ce, masu cewa a ajiye bindiga a dawo gida. Sa'adu bai ce yaƙar Hitila kuskure ne ba. Abin da ya yi ya fi haka wayo, watakila ma ya fi haka ciwo: ya karɓi hujjar yaƙin yadda aka kawo ta, sannan ya miƙa takardar bashi. Tun da an ce domin 'yanci 'ya'yan talakawa suka mutu a Bama, to ina rabon iyayensu?

Tambayar ba ta wasa ba ce a wancan lokaci. A Disambar 1944 sojojin Faransa sun buɗe wuta kan tsofaffin sojojin Afirka a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, saboda sun nemi haƙƙinsu. A ranar 28 ga Fabrairun 1948 'yan sanda sun harbe tsofaffin sojoji uku a Ankara, babban birnin Gana ta yau, suna kan hanyar kai kuka ga Gwamna. Masu mulki sun san haɗarin mutumin da ya ga Bature na gudu a fagen daga, ya dawo gida aka ce ya durƙusa wa ɗan doka.

A lura kuma da yadda irin wannan waƙa ke tafiya. Rubutacciyar waƙar Hausa ba a yi ta domin a karanta a zuci ba. Rera ta ake yi, a kan karin da aka aro daga waƙoƙin Larabci, ba kiɗa. Tun zamanin jihadi da ita ake wa'azi, kuma Shehu da ƙaninsa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u duk sun yi amfani da ita. Mutum ɗaya mai karatu zai rera a zaure, goma su haddace, gobe a ji ta a kasuwa. Hukuma na iya hana jarida, amma ba ta da yadda za ta yi da abin da ya riga ya shiga ka. Sa'adu ya ɗauki wannan tsohon kayan wa'azi ya ɗora masa kayan siyasar zamani. A wannan fage yana cikin na gaba-gaba.

Tafiya Legas

A 1946 jam'iyyar NCNC ta yi rangadin ƙasa tana adawa da tsarin mulkin Gwamna Richards. A wannan tafiya ne Herbert Macaulay ya kamu da rashin lafiya a Kano, aka mayar da shi Legas ya rasu, jagoranci ya koma hannun Nnamdi Azikiwe. Yawancin 'yan bokon Arewa sun yi baya-baya da baƙin, wasu don tsoron rasa aiki, wasu don rashin yarda da 'yan Kudu. Sa'adu ya miƙa musu hannu. Ya riƙa aika rubutu jaridar Azikiwe, West African Pilot, yana fallasa abin da ke gudana a ƙarƙashin En'e.

A 1948, da sabon Gwamna John Macpherson ya shirya rangadin Arewa ba tare da ya biya Bauchi ba, Sa'adu da Aminu suka tara jama'a domin nuna rashin amincewa. Ana lissafa wannan taro cikin gangamin siyasa na farko da aka yi a Arewa.

A shekarar ce kuma aka zaɓe shi sakataren NCNC na ƙasa, ya koma Legas da zama. Ɗan limamai daga Bauchi ya zama na hannun daman Zik, a lokacin da ko sunan jam'iyyar ba a son ji a fadojin Arewa. Duk da haka bai yanke hulɗa da gida ba. Yana cikin waɗanda suka halarci babban taron Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna a 1949, lokacin tana ƙungiyar al'adu a ƙarƙashin Dokta R. A. B. Dikko, kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar NPC a 1951.

Zaman Legas na biyu bai yi masa daɗi kamar na farko ba. Ya ga yadda wasu jaridun Kudu ke yi wa 'yan Arewa kallon ƙauyawa, suna zagin sarakuna da wakilan Arewa ba tare da bambance mai laifi da marar laifi ba. Ya ga kuma tazarar ilimi da idonsa: Kudu na da lauyoyi da likitoci da injiniyoyi, Arewa kuwa masu digirinta ba su cika yatsun hannu ba. Ya fahimci cewa idan Bature ya tafi a haka, wanda ke da takarda shi zai gaji kujerarsa.

Jumhuriya ko Mulukiya

Daga wannan damuwa ce waƙarsa mafi shahara ta fito, Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, a wajajen 1950. Shekara ce ta rikici. A taron Ibadan na Janairun 1950, Sarkin Zazzau da Sarkin Katsina sun kafe cewa ko a ba Arewa rabin kujerun majalisar tarayya ko ta ware. A watan Agusta Tafawa Balewa da kansa ya gabatar da ƙudurin neman gyaran En'e a majalisar Kaduna, abin da ya girgiza sarakuna. A ranar 8 ga watan ne kuma wasu matasa takwas suka kafa NEPU a Kano.

Waƙar doguwa ce, kuma ta ba mutane da yawa mamaki. Wanda aka sani da sukar sarauta sai ga shi yana yi wa sarakuna nasiha irin ta mai son su tsira. Ya tuna musu asalin daular da Shehu ya kafa a kan adalci da ilimi. Ya jawo hankalinsu ga abin da ya faru a Indiya, inda bayan 'yancin kai a 1947 aka narkar da masarautu sama da 500 cikin sabuwar ƙasa, sarakunansu suka zama 'yan kallo. Ya nuna musu cewa hanya biyu ce a gabansu: ko su gyara da kansu, su zama irin sarautar Ingila da ke ƙarƙashin doka da majalisa, ko guguwar jumhuriya ta taso daga Kudu ta yi gaba da rawunansu.

Bai tsaya kan sarakuna ba. Ya juyo kan jama'a ya zayyana cututtukan da yake ganin za su kunyata Arewa a gaban sauran 'yan ƙasa: jahilci, karuwanci, shaye-shaye, zaman banza, da kuma sakin yara suna yawon bara a garuruwa. Wanda ya karanta wannan sashe yau, sannan ya leƙa kowace tashar mota daga Wudil zuwa Legas, ba ya buƙatar sharhin malami.

A nan ne masu nazari suka rabu. Wasu na ganin Sa'adu ya ja da baya, ya bar tafarkin 'yan kishin ƙasa ya koma kishin yanki, har ya yi wa 'yan Kudu kuɗin goro kamar yadda jaridunsu suka yi wa Arewa. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan zargi, domin akwai wuraren da harshen waƙar ya yi kaushi a kan mutanen Kudu, kuma 'yan NPC sun ji daɗin wannan ɓangare sun yi amfani da shi. Wasu kuma na ganin bai sauya ba ko kaɗan: abin da ya faɗa a Majalisar Taɗi shi ya maimaita, sai dai wannan karon ya haɗa da tsoratarwa, domin ya san ba a jan sarki da roƙo kaɗai.

Abin da ya fi kusa da daidai shi ne mutumin na tsakanin wuta biyu ne, kuma bai ɓoye ko ɗaya ba. Yana ƙin zaluncin En'e, yana kuma tsoron a mayar da Arewa 'yar amshin Shata a ƙasar da za a gina. 'Yan siyasar Arewa da yawa sun zaɓi ɗaya daga cikin biyun suka yi shiru a kan ɗayan.

Martani bai daɗe ba. Mudi Sipikin, ɗaya daga cikin mutum takwas da suka kafa NEPU, ya mayar masa da waƙar Arewa Jumhuriya Kawai, wadda sunanta kaɗai ya isa bayani. Wato tun kafin a samu rediyo a kowane gida, ana muhawarar tsarin mulki a Arewa baiti da baiti.

Ya kuma yi Waƙar Bidi'a, inda ya soki camfe-camfe da al'adun da ake jingina wa addini. A wurinsa gyaran siyasa da gyaran aƙida tafiya ɗaya ce.

Shekarun ƙarshe

A farkon shekarun 1950 Sa'adu ya bar Legas ya koma Bauchi, jiki ya ƙara rauni. Ba shi da ƙarfin hawa mota yana zaga ƙauyuka kamar Aminu Kano, wanda ya ajiye aikin koyarwa a Maru a 1950, ya zama shugaban NEPU a 1953. Amma ɗakin jinyarsa ya zama wurin neman shawara ga 'yan Jam'iyyar Neman Sawaba, kuma alƙalaminsa bai huta ba wajen rubuta wasiƙu da ƙorafe-ƙorafe ga hukuma.

Lokaci ne mai tsanani ga 'yan adawa. A zaɓen 1951 NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a Kano, amma tsarin zaɓe mai hawa-hawa, wanda ya ba En'e damar cusa mutanenta a tsakiya, ya hana ta kai ko mutum ɗaya majalisar Kaduna. 'Yan doka na kama magoya bayanta, kotunan alƙalai na ɗaure su ko a yi musu bulala a kan laifin taro ba izini ko zagin sarki. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama. A irin wannan hali waƙa ta zama jaridar jam'iyya. Gambo Hawaja da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu da wasunsu suka riƙa rera manufofin NEPU a dandali, a kan turbar da Sa'adu ya share. Ba kwangila ake ba su ba, ba mota ake saya musu ba. Abin da ya fi saurin biyo bayan waƙar shi ne sammaci.

Malam Sa'adu Zungur ya rasu a Bauchi ranar 28 ga Janairun 1958, saura shekara biyu da 'yan watanni Najeriya ta samu 'yancin kai. A lokacin, tsohon abokin muhawararsa Tafawa Balewa na da wata biyar a kan kujerar Firayim Minista.

Abin da ya hango bai ɓata lokaci ba. A 1963 Najeriya ta zama jumhuriya, kuma a shekarar ce gwamnatin Sardauna ta tilasta wa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi yin murabus. Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya binne En'e gaba ɗaya. Sai dai ba daga Kudu kaɗai guguwar ta taso ba kamar yadda ya zata. Da hannun 'ya'yan Arewa, masu farar hula da masu kaki, aka yi yawancin aikin.

Ɗaya ɓangaren gadonsa ya bi ta hannun Malam Aminu zuwa jam'iyyar PRP. A 1979 ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, kuma cikin matakan farko da Muhammadu Abubakar Rimi, ɗan ƙasar Sumaila maƙwabciyar Wudil, da Abdulƙadir Balarabe Musa suka ɗauka akwai soke haraji da jangali. Makiyayan da ke koro shanu zuwa kasuwar kara ta Wudil kowace Juma'a na cikin waɗanda suka fi kowa sanin ma'anar wannan mataki, domin iyayensu sun sha ɓoye garke a daji idan masu ƙidayar jangali suka fito.

Waƙoƙinsa da aka buga ba su da yawa, ɗan ƙaramin littafi ne da ake koyarwa a makarantu da sassan nazarin Hausa na jami'o'i. A 1974 Dandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya wallafa littafi a kan rayuwarsa da waƙoƙinsa, sannan a 1999 masanin tarihi A. M. Yakubu ya tattara rubuce-rubucensa na siyasa da zamantakewa a kundi guda. Gwamnatin Jihar Bauchi kuma ta sanya sunansa a jami'ar jihar mai mazauni a Gadau, kusa da Azare, garin da ke kan hanyar da ta taso daga Kano ta haye gadar Wudil ta nufi gabas.